Mikisata Ta Je Bauchi Ba Ta Dawo Ba

Mun bar Gombe ana idar da sallar asuba, mu uku: ni, da maƙwabcina da ya zo taya ni ɗauka, da mikisata. Na lissafa ta cikin mutane ne don a tasha kujera biyu aka yanka mata. Direba ya so a cusa ta a but. Na ce masa ya shiga but ɗin da kansa, ni in tuƙa. Aka naɗe ta da bargo biyu, aka kwantar da ita a baya, mu kuma muka takure a gefe kamar mu ne kayan.

Ga waɗanda ba su sani ba, mikisa ita ce faffaɗan allon nan mai maɓallai da ake jona makirfo da yawa a kansa, a daidaita ƙarfin kowace murya kafin a ɗauka. Tawa mai layi goma sha shida ce, da allura biyu masu nuna ƙarfin sauti. Shekara ashirin da wani abu ina cin abinci da ita a zamanin kaset. Da kwamfuta ta shigo, duk wanda ya sayi laftof sai ya zama injiniya, mu kuma aka mayar da mu 'yan kallo. Shekara shida tana jingine a bayan ƙofa, maiɗakina na yin tuntuɓe da ita tana tsaki. Watan jiya har wani ɗan gwangwani ya zo ya ɗaga ta yana jin nauyinta, kamar mai taya rago. Allah ya taimake shi na yi alwala a lokacin.

Ana haka sai wani mai situdiyo a Bauchi ya kira ni, wai wani mawaƙin da na taɓa ɗauka ne ya ba shi lambata, kuma yana da aikin da sai da mikisa. Kafin in fita na gaya wa maiɗakina magana ɗaya: idan ta yi aiki, to. Idan ta kunyata ni, a can zan miƙa ta ga 'yan gwangwani, in dawo in nemi aikin gadi, a rufe zancen sauti a gidan nan.

Hanya dai kun san ta. Duk ramin da muka faɗa, a ƙirjina nake jin sa. Amma damina ta yi kyau, daga Bara har Alƙaleri masara ce da dawa kore shar, ko ni da ba na yabon komai sai da na ce ma sha Allah. A Alƙaleri muka tsaya. Ƙosan da na sani guda biyar yanzu uku ake ba ka a kuɗin, kuma ukun ma sun rame. Maƙwabcina ya sayi dafaffiyar gyaɗa ya fara ɓarewa a kan bargon, na ce idan ɓawo ɗaya ya shiga cikin maɓalli, a ƙasa zai ƙarasa Bauchi. A wani shinge kafin gadar Dindima jami'i ya leƙo, ya ga abu miƙe a lulluɓe, ya ce, "Gawa ce?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yau za a sani." Duk motar aka kwashe da dariya, har shi.

Wajen ƙarfe tara duwatsun Bauchi suka bayyana. Daga tasha muka ɗauki keke, mikisa ta leƙo ta dama ta leƙo ta hagu, masu babur na kauce mana suna magana. A Ƙofar Dumi mai keken ya ce iyakarsa ke nan, lungun ba zai shigu ba. Muka ɗora ta a ka, ni a gaba maƙwabcina a baya, muka ratsa ta gaban masu ɗinki da dukawa. Wani dattijo a bakin shagonsa ya ce, "Sannunku da ƙofa!" Ban tsaya gyara masa ba, wuyana ba zai bari ba.

Situdiyon ɗaki ne ɗaya da ɗan lungu, bango duk an manna soso. Mai wurin zai yi shekara talatin da biyar, mai ladabi, yana ce min Kawu. Wannan ya ɓata min shiri, don da faɗa na zo a bakina. Ya nuna min wani ɗan akwati kamar sabulun wanki, wanda ke shigar da sauti cikin kwamfuta. Makirfo biyu kacal yake ɗauka. Shi aikinsa ɗaya bayan ɗaya ne: a ɗauki kiɗa, a sa wa mawaƙi abin ji a kunne ya hau, in an yi kuskure a yanke a liƙa. To sai wata Hajiya mai waƙar amada ta zo da mutanenta bakwai, huɗu 'yan amshi, uku masu kiɗan ƙwarya. Ya gwada shigar da ita lungun ita kaɗai, ta cire abin kunnen ta miƙa masa, ta ce ita ba ta waƙa ita ɗaya kamar mai takaba. Sai da su gaba ɗaya, ko a fasa.

Wayar da za ta haɗa mikisa da akwatin nasa ba mu da ita, sai muka hau babur zuwa wani shagon kayan sauti a kasuwar Wunti. Mai shagon mutumin kudu ne, ya daɗe a garin. Na nuna masa hoton mikisar a wayata, ya dafa kai ya ce, "Oga, wannan inji yana da rai har yanzu? Irinsa ne a cocinmu, shi ba ya mutuwa, sai dai mai shi ya mutu!" Na ce ya bar yi min fata. Ya zaɓo mana waya mai kauri, ya gwada ta a gabanmu. A nan kusa muka ci masa da miyar taushe. Jama'a, na sha yi wa mutanen Bauchi gardama a kan masar nan. Na janye. Guda tara na ci, ban san na ci ba.

Da muka kunna mikisa, allurai suka motsa. Layi na biyar ya mutu, na sha ɗaya yana ƙarar yashi, sauran lafiya lau. Na shafa ta ba tare da kowa ya gani ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya matan suka iso da ƙoransu da baho. Hajiya doguwa ce, ta haura sittin, goro a kumatu. Ta dubi mikisa, ta dube ni, ta ce, "Malam, kai da injin nan wa ya girmi wani?" Na ce tagwaye ne. Na jera makirfo shida, biyu nasa huɗu nawa da na zo da su: ɗaya gabanta, biyu ga 'yan amshi, uku a kan ƙorai. Mai wurin ya ja ni gefe ya ce, "Kawu, ka san duk muryoyin nan a haɗe za su shiga kwamfuta. Abin da hannunka ya yi shi ke nan, ba zan iya raba su daga baya ba." Na ce tun yana rarrafe nake wannan aikin.

Aka fara. Kai, matan nan sun iya! Waƙar mata masu sana'a ce, tana kiran mai tuya da mai kitso da mai saƙa, amshi na faɗowa kafin ta rufe baki. Daɗi ya kwashe ni, na tura sauti har allurai suna lasar ja, yadda muke yi a zamanin kaset don murya ta fito da kauri. Na ga mai wurin yana ɗaga min hannu, na ɗauke kai. Minti goma sha biyu, ba kuskure ko ɗaya.

Da aka kunna mana, duk inda Hajiya ta ɗaga murya sai a ji ƙaraƙaƙa, kamar ana yaga sabon yadi. Ni kuwa nan take na ce kwamfutarsa ce ta banza. Bai yi musu ba. Ya juyo min da allon ya ce, "Kawu, duba nan." Zanen sautin da ya kamata ya yi tsini sama da ƙasa, duk an shafe kansa ya yi baje, kamar wanzami ya bi ta kai. Ya ce kaset idan an cika shi yakan haɗiye, ita kuwa kwamfuta tana da rufi, abin da ya wuce rufin yanke shi take yi, kuma ba ya dawowa.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "To, mai tagwaye, ka ƙona mana miya. Muna da biki a Ƙofar Wambai bayan la'asar. Sau ɗaya zan ƙara, don muryata ba famfo ba ce."

Muka fita sallar azahar. A hanyar masallaci na ga wani ɗan gwangwani ya tura kurarsa ya wuce, na kau da kai. Ba mikisa ce ta kunyata ni ba, ni na kunyata ta, kuma wannan ya fi ciwo. Da muka dawo na yi abin da ban taɓa yi wa ɗan zamani ba. Na ce, "Nuna min rufin naka." Muka sa mai babbar ƙwarya ta buga da iyakar ƙarfinta, Hajiya ta yi guɗa, shi yana kallon allonsa ni ina sauke babban maɓalli, har ya ce ya isa. Na yanko salatif na manna a daidai wurin. Ko hannuna ya yi gardama, ba zai wuce nan ba.

Karo na biyu idonsa na kan kwamfuta, yatsuna takwas na kan maɓallai. In Hajiya ta shigo in ɗaga ta, in amshi ya karɓa in buɗe musu, in ƙwaryar ruwa ta yi zafi in ɗan danne ta. Ita ma da haushi ta shiga, sai waƙar ta fi ta farko wuta. A tsakiya har ta saka ni a ciki, wai mai inji ya zo daga Gombe ya ƙona miya, 'yan amshi suka karɓa suna dariya. Ba a yanke ba, yana nan a ciki.

Da aka kunna, tas! Kana jin ruwan da ke ƙarƙashin ƙwarya yana motsi. Ɗaya daga cikin matan ta rangaɗa guɗa, maƙwabcina da bai san komai a sauti ba ya tashi yana taka rawa da hularsa a hannu. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro biyu. "Ɗaya naka, ɗaya na ɗan'uwanka injin."

Mai wurin ya ce akwai masu kalangu da masu mandiri da ya daɗe yana mayarwa saboda makirfo biyun nan. Ya roƙi a bar mikisa a wurinsa, ni kuma in riƙa zuwa duk ranar da masu taro za su yi ɗauka, don shi bai iya hawa maɓalli shida lokaci guda ba. Na yi kamar ina tunani. Ƙarya nake, tun bai rufe baki ba na yarda.

Bayan la'asar muka kamo hanya da bargo biyu a ninke, kujera ɗai-ɗai kamar kowa. Ramukan suna nan inda muka bar su, amma ban ji ko ɗaya ba. Magariba ta yi mana a Bara, muka shiga gida ana kiran isha'i. Maiɗakina ta ga bargo babu kaya, ta ce, "Ka sayar ke nan?" Na ce a'a, ta samu aiki a Bauchi. Ta ce, "Kai fa?" Na ce ta ɗauke ni mataimaki.

Abin da tafiyar nan ta koya min ba shi da yawa. Shekara shida ina zagin kwamfuta ban taɓa zama na tambayi yadda take ji ba. Ashe ita kunne gare ta mai kyau amma ba ta da hannu, ni kuma ina da hannu, kunnena ne ya tsaya a zamanin kaset. Har yanzu ina nan a kan bakana cewa rabin masu laftof ɗin nan ba injiniyoyi ba ne. Amma akwai ɗaya a Ƙofar Dumi. Kuma duk wanda ya shiga wurinsa ya ga ɗan salatif a kan babban maɓalli, kada ya ɓare shi. Ba don mikisar aka manna ba, don ni ne.