Baba Kibiya Ya Ajiye Alli

Kullum shi ke fara buɗe ƙofar sashen lissafi. Ofishinsa yana ƙarshen baranda, jikin ɗakin da ake tara karyayyun kujeru, inda ba mai bi sai da dalili. Yakan goge allo da kansa, ya tsiyayi shayi daga filas ya sha shiru. Tun rasuwar matarsa kofi ɗaya yake zuwa da shi.

Ɗalibai ne suka sa masa Baba Kibiya, saboda abu guda da bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kai ba. Mun saba rubuta x + 2 = 5, mu sake jan alamar daidai, mu ɗora x = 3. Shi kuwa sai ya zagaye alamar tsakiyar da jan biro.

"'Yata, biyar daidai take da uku?" ya taɓa tambayar wata ɗaliba.

"A'a, Baba."

"To ga shi kin rubuta. Alamar daidai ta adadi biyu ce masu ƙima ɗaya. Waɗannan kuwa maganganu biyu ne: in ɗaya gaskiya ce, ɗayar ma haka, in ƙarya ce, tare za su faɗi. Kibiya mai kai biyu ake sa wa a tsakaninsu."

"Amma ai amsar ta fito."

"Direban da ya ratsa gonar mutane ma ya iso gari."

Da ritayarsa ta ƙarato, aka soke darasinsa na manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, wai ai duk lissafi ne. Bai yi musu ba. Mai shara kawai ya gaya wa damuwarsa: "Ina jin da ni za ta tafi, kibiyar nan."

Ran da zai tafi, yana rungume da kwalin littattafansa, ya bi ta tagar wani aji. Ɗalibar nan ce, yanzu malama, ta zagaye wata alama a allo tana tambaya, "Biyar daidai take da uku?" Mai shara ta ce ya daɗe tsaye a wurin. Bai shiga ba. Ya gyara riƙon kwalinsa ya sauka.

Kai ne ka hana mu kiran abu biyu ɗaya don kawai sun yi kama, Baba. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu riƙe da alli, ku riƙa zagaye alamar nan ko da za a yi muku tsaki. Wanda kuma hanya ta bi da shi ta ƙofar gidan Baba, ya tafi da kofi na biyu.