Katin da aka miƙa wa Tokuji

Tokuji Kuramochi mai gasa unagi ne a titin da ya gangara zuwa babban wurin bauta na Narita, a ƙasar Japan. Unagi kuwa kifin nan ne mai tsawo da santsi kamar maciji. Shekara arba'in da ɗaya yana tsaye gaban garwashi, shagon kujera takwas ne kacal, amma taƙamar mai shi ta fi ƙarfin shagon. Duk a kan tukunyar romo ce da ya gada wurin mahaifinsa, wadda ba a taɓa juye ta ba, kullum ƙari ake yi: ruwan waken soya, sukari, da mirin, ruwan shinkafa mai zaƙi da kowace uwar gida ke ajiyewa kusa da gishiri.

Wata rana da azahar wata dattijuwa 'yar Malesiya ta shigo da lulluɓinta, ta miƙa masa kati rubuce da Japananci. Musulma ce, ba ta cin alade, ba ta cin abin da giya ta taɓa. Tokuji ya karanta, ya daki ƙirji. Alade a shagon kifi? Giya kuwa tana can cikin kwalabenta a kan kantar shagon, sai wanda ya nema. Ya gasa mata mafi ƙiba, ya tsoma a romo sau uku. Ta cinye tas, ta yi godiya har da ƙwalla, ta nufi tashar jirgin ƙasa.

Matarsa Fusae ce ta tsinci katin lokacin da take share tebur.

"Baban yara, me ka zuba a tukunya da safe?"

"Abin da nake zubawa tun kafin in auro ki."

"To sarkin gashi, juya kwalbar mirin ɗin ka karanta bayanta."

Bai buƙaci juyawa ba. Ya sani sarai akwai giya a ciki, kamar yadda kowa ya sani, sai dai a ransa kayan miya ne, bai taɓa jera shi da abin sha ba.

"Ai wuta ta ƙone ta," ya ce a sanyaye.

"Haka aka rubuta a katin? Ban da wadda wuta ta ƙone?"

Kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi ja. Dattijuwar ta riga ta tafi, in ya yi shiru babu mai sani har abada, kuma sai da ya auna hakan na kusan minti biyar, abin da ya fi komai cin ransa daga baya. Sannan ya bar kifi a wuta ya haura titin da rigar aikinsa, maƙwabta na leƙe.

Ya same ta zaune a tasha. Ya sunkuya har ƙugu, ya ƙi ɗagowa, ya faɗa wa wayarta laifinsa, wayar ta juya mata zuwa harshenta.

"Ɗago, Baba," in ji ta ta bakin wayar. "Ban sani ba, ba ni da zunubi. Kwana shida ke nan farar shinkafa kawai nake ci don tsoro. Kai ne na farko da na yarda da shi."

Da zaginsa ta yi da ya fi samun sauƙi.

"Saura min kwana huɗu a ƙasarku. Kai da ka san girki, faɗa min abin da zan ci hankalina kwance."

Tokuji ya bi abincin gidansu a ransa ɗaya bayan ɗaya, miyar mahaifiyarsa, dafaffen kabewa, romon taliya, har wainar ƙwai ta safe. Duk wanda ya ɗauko sai ya ga hannu yana tsiyaya masa cokalin mirin. Jirginta ya shigo, tana nan tana jiran amsa.

"Shinkafa," ya ce, yana kallon ƙasa. "Fara."