Hammadu, wanda ya mayar wa mijina da muryarsa

"Babu mai taɓa kwamfutar Hammadu sai kowa ya karɓi nasa." Haka ka ce, Hamma Buba, a zaman makokin ƙaninka, gaban mutanen unguwar Rumde. Jiya na bi ta shagonsa na gyaran bidiyo a Jimeta, na tarar an sauke allon shagon. Aka ce kana neman mai saye, za a goge komai a sayar da ita. Bari in gaya maka abin da ke ciki, tunda ba ka tambaya ba.

Ina cikin aji aka kira ni cewa Hammadu ya rasu bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye alli, na kasa ƙarasa darasin.

Na san shi ne a shekarar da muka gudo daga Mubi. Mijina, Malam Isa, bai fito da rai ba. Abin da ya rage mana nasa shi ne bidiyo a waya, na ranar saukar 'yarmu, yana tsaye yana addu'a. Na kai wani shago aka juye a faifai. Da muka saka, sai bakinsa ya motsa shiru, sai ya rufe baki sannan murya ta iso. 'Yata ta kashe talabijin, ta ce wannan ba babanta ba ne.

Na kai wa Hammadu. Ya kalla, ya mayar baya, ya sake kallo. Sannan ya ce, "Adda, da Malam yana makara?" Na ce shi yake buɗe masallacin unguwarmu. Ya ce, "To muryarsa ma ba za ta makara ba."

Ba ya bin baki, ya ce baki yana ruɗin ido. Abu yake nema wanda ya bugu: tafi, ƙofa, taɓarya a turmi. A namu wata yarinya ce ta yar da faranti. Ya ja sautin a hankali har ƙarar ta zo daidai da faɗuwar farantin. Farko ya daidaita, amma can ƙarshe murya ta sake zamewa. Ya ce waya ba ta ɗaukar hoto da gudu ɗaya, sai an daidaita gudun kafin a juye. Ya fara daga farko, bai yi tsaki ba. Ranar da na karɓa, Malam ya ce amin, kuma amin ɗin ta fito tare da bakinsa.

Ba ni kaɗai ba ce. Maman Rifkatu, wadda ta gudo daga Michika, marigayi ɗanta yana waƙa a coci a cikin kwamfutar nan. Hammadu yakan ce, "Faifai yana karcewa, waya tana mutuwa. Ku bar min asalin." Mun bar masa. Wayata ta mutu tuni, faifaina ya karce, yana tsayawa a tsakiyar addu'ar. Hammadu ya ce in dawo bayan Sallah ya sake juye min. Allah bai nufa ba.

Hamma Buba, kwamfutar gadonku ce, ban musa ba. Muryar mijina ba ta cikin gadon. Na ba ka zuwa ranar sadakar arba'in ka buɗe mana mu kwafi namu. In ranar ta wuce, zan zo ƙofar gidanka da Maman Rifkatu da sauran matan, mu shimfiɗa tabarma, ka fito ka gaya wa kowace da bakinka cewa ka goge mata mamacinta.

Allah ya jiƙan Hammadu, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri. Kai kuma Allah ya ba ka ikon cika abin da ka faɗa a zaman makokinsa. Amin.