Da Hannun Dama Na Miƙa Ruwan

Fim ɗin nan na tela da ɗiyar mai goro, wanda har yau in an sa shi a tele yara ke riga 'yan wasan faɗin magana, rabinsa a tsakar gidana aka yi shi, nan unguwar Bukoki, cikin Yamai. Tsohuwar da ke fitowa da kwanon ruwa, ni ce. Mutane na tsayar da ni a kasuwa su ce wurin nan ya fi ko'ina ba su dariya. Ba su san abin da aka sha kafin ya fito haka ba.

Mai fim ɗin ɗan aminiyata ne. Tare muka baro Maraɗi da uwarsa, na goye shi ya fi a ƙirga. Ya tafi waje ya yi karatun sinima, ya dawo, ya zo ya durƙusa ya ce gidana yake so, saboda iccen bedin da ke tsakiya, wanda wasu ke kira dogon yaro, da tsohuwar randata. Na ce to, amma ba mai shiga ɗakina da takalmi, kuma in an kira salla kamara ta mutu.

Labarin ba wani abu ba ne. Tela ne ke son yarinya, kullum sai ya ɓata mata ɗinki da gangan don ta dawo ta yi masa faɗa. Wata rana ya ɗauko kayan ya kawo gida da kansa, sai ya tarar ba ta nan, uwarta ce zaune. Matar da za ta fito a uwar, zazzaɓi ya kayar da ita ranar. Mai fim ya zo yana sosa ƙeya.

"Inna, ba magana za ki yi ba. Ruwa kawai za ki miƙa masa, ki ɗaure fuska."

Na ce, "Ɗaure fuska kam ba sai ka koya mini ba."

Shi telan da safe suka ɗauke shi, yana tsugunne, ƙullin kaya a hagu, yana karɓar kwano da dama. Ni sai bayan azahar aka zo kaina. Lokacin rana ta juya, mai kamara ya ce tana dukan idonsa, suka kwashe kayansu suka koma ɗaya gefen bedin. Na ga sun yi haka, na ƙyale su, aikinsu ne. Na miƙa ruwa sau shida. Sau shidan nan da hannun dama.

Aka yi wata biyu. Saura kwana huɗu a nuna fim ɗin a babban zaure, mai fim ya aiko taksi ya kai ni buronsu, inda suke aiki, a unguwar Banifandu, wai 'yan wasa su fara gani. Ɗaki ne ƙarami, mutum goma sha, ga ordinater, wato kwamfuta, ga wani Bazabarme mai gilashi wanda shi ke yanka hotuna yana haɗawa, aikin da suke kira montaj. Ya gaishe ni da fofo irin tasu, na amsa. Aka kunna. Ana ta dariya, ni ma na murmusa sau ɗaya.

Sai ga ni na fito. Sai ga hannuna na hagu ya miƙe da kwanon ruwa zuwa ga baƙo.

Na ce, "Ku tsaida."

Ba wanda ya ji, dariya ake. Na buga sandata a kan tebur. Aka tsaida.

Shekara talatin ina make hannun yaran unguwa in sun miƙo mini abu da hagu. Amaren layinmu, gabana ake kawo su in yi musu faɗan zaman gida. Hagu hannun tsarki ne. Wanda ka ba ruwa da shi, ka zage shi ba tare da ka buɗe baki ba. Yanzu Yamai duka za ta zauna ta kalle ni ina yi wa baƙo haka, a gidana, gaban randata.

Mai fim ya ce, "Inna, ƙila kin manta ne. An yi ta maimaitawa, gajiya..."

"Uwarka ta manta. Dubi randar can. Tun kafin a haife ka tana dama da ƙofar madafa. Wa ya ɗauke ta ya kai hagu? Dubi tabon man gyaɗan nan." Na ɗaga hannuna na dama har gaban hancinsa. "Ya aka yi ya tashi ya koma wancan hannu? Ni ban yi karatun lakwal ba, amma ban makance ba."

Telan nan na fim ya sunkuyar da kai yana ƙunshe dariya. Sai mai montaj ya cire gilashinsa, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Hajiya, ni ne ya juya ki."

Ya yi mini bayani, kuma ban raina bayaninsa ba. Da suka sauya wa kamara wuri, sai hoton ya fito ina fuskantar gabas, telan ma yana fuskantar gabas. In an haɗa, kamar ba juna muke kallo ba. Shi ne ya kifa hotona kamar a madubi, don mu fuskanci juna.

Na ce, "To ku zo gobe ku sake ɗauka."

Mai fim ya ce kamarar aro ce, ta koma wurin mai ita tuni.

"To ku juya shi telan, ku bar ni."

Mai montaj ya ce, "In na juya shi, shi zai karɓa da hagu."

Na dubi yaron da ya fito a tela. Yana da uwa shi ma. Na ce a'a, ba zan cire abin kunya daga kaina in ɗora wa ɗan wani ba.

Mai fim ya fara zafi. "Haba Inna! Sakan biyar ne fa duka. Wa zai lura?"

"Mari ma sakan ɗaya ne. Zo in gwada maka ka ga ko za ka lura."

Yarinyar da ta fito a ɗiyata ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gyale. Shi bai yi dariya ba. Ya ce akwai doka a aikin sinima, malamansa za su zo kallo, waɗanda suka san aiki za su ce bai iya ba. Na ce ni ma akwai doka a nawa aikin, kuma tawa ta girmi tasa. Na tashi, na ce wa mai montaj ya matsa, na zauna a kujerarsa gaban ordinater, na gicciye sandata a cinya. Na ce daga nan sai dai a ɗauke ni da kujerar.

Mun fi awa haka. Aka kawo mini lemo, ban sha ba. Mai fim ya fita ya kira uwarsa a waya don ta ba ni baki. Ina jin muryarta daga inda nake. Da ta ji abin da ya faru sai ta ce, "Da hagu? Kai, ba ka da hankali ne?" Ya kashe wayar.

Daga baya na ce wa mai montaj, "Ɗana, maida shi yadda Allah ya yi shi, in ga wannan ɓarnar da kuke tsoro."

Ya miƙo hannu ta gefena ya danna. Ga ni, randa ta koma wurinta, kwano a dama, fuskata ta kau gefe. Ga telan, tsugunne, shi ma ya kau da kai, yana karɓa.

Na ce, "Wannan ne kuskuren?"

Mai fim ya ce, "Ba ki gani ba? Ba ku kallon juna!"

"Wane siriki ne ke kallon sirikarsa ido cikin ido? Ranar da muka raka ka gaida uwar matarka, ina wurin. Tun da muka shiga har muka fito, babban yatsan ƙafarka kake kallo. Ta ba ka ruwa ka zubar da rabi a wando. Ko in kira matarka ta ba da shaida?"

Wannan karon har mai montaj sai da ya kwanta a kan tebur don dariya. Telan ya ce, "Wallahi Inna, ni ma haka na yi a nawa." Mai fim ya tsaya ya kalli hoton sau uku. Sannan ya ɗauki makullin motonsa ya ce, "Ku yi yadda take so," ya fita ya bugo ƙofa.

Ban tashi daga kujerar ba sai da mai montaj ya rantse mini cewa wanda na gani shi za a nuna.

An ce wani daga cikin malamansa ya yi masa maganar wurin bayan an tashi kallo, ya ce kuskuren ɗan koyo ne. Wata uku yaron bai tako gidana ba, sai da salla ta zo uwarsa ta turo shi. Na karɓi gaisuwarsa, ban ba shi haƙuri ba, kuma har gobe ba ni da niyya.

Ranar nunin, da la'asar sakaliya, na je da matan layinmu, muka cika benci biyu. Ban yarda da rantsuwar kowa ba sai na gani. Ana ta shewa, ni hannu ɗaya nake jira. Da wurin ya zo, kwanon ya fita daga damana ya shiga damansa, mata suka kwashe da dariya suna cewa, "Wayyo, kunyar siriki!" Maƙwabciyata, wadda na sha make wa 'ya'ya hannu, ta juyo ta dube ni, na dube ta, ta maida idonta kan fim ɗin.

Na gyara lulluɓina, na ɗauki sandata, na fita neman wurin alwala kafin magariba ta riske ni a hanya. An ce telan ya auri yarinyar a ƙarshe. Ni dai ban tsaya na gani ba.