Maɓallan Yayana

Yayana tela ne a Ƙofar Marke, a shekarun da arzikin mai ya cika hanyoyi da sababbin motoci. Wata rana ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyu za su suna Gusau, motarsu ta yi karo da tirelar siminti. Duk wanda ke ciki ya rasu, ban da shi. An same shi zaune a gefen kwalta, ko ƙwarzane babu, hularsa ma ba ta faɗi ba.

Mijina ya ba shi ɗakin zaure a gidanmu na Mabera, ni nake kai masa abinci. Tun ba a gama zaman makoki ba magana ta zaga gari, wai yana da asirin da ƙarfe ba ya kama shi. Masu gaisuwa suka ragu, masu neman magani suka ƙaru. Direbobi ne suka fi yawa, da masu sababbin babura. Sai su durƙusa su yi ta'aziyya a gurguje, sannan su rage murya.

"Malam, a taimaka muna da ɗan abin nan."

"Ba ni da komi," in ji shi. "Da ina da shi, ai iyalina zan ba."

Suka ce haka masu abin gaske suke, ba su taɓa amsawa.

Har wani soja ya zo da rago, yana son maganin harsashi. Sojan ya ƙi tashi daga tabarma. Don ya rabu da shi, yayana ya laluba gwangwanin ɗinkinsa ya miƙa masa maɓalli. Sojan ya karɓa hannu biyu, ya fita da baya. Daga nan kowa maɓalli yake so. Da na gwangwani suka ƙare, aka koma tsinke na rigunansa daga kan igiyar shanya.

Shi kuwa ya daina taɓa keken ɗinki, ya daina zuwa majalisa, sannu a hankali ya daina cin tuwo. Furar da nake dama masa ma, baƙi ne ke shanye ta don tabarruki. Likita ya auna shi ya ce lafiyarsa ƙalau, har ya fi mijina ƙarfin jini.

Na ce, "Yaya, ko loma ɗaya."

Ya ce, "Aje nan, ƙanwata. Na gaji da taunawa."

Bai yi jinya ba. Ya juya fuskarsa bango kawai, ya rage magana, har wata safiya da hantsi na kai masa koko na tarar ya cika.

Bayan an yi arba'in, wasu direbobi biyu daga nesa suka yi sallama suna nemansa. Na gaya musu daga bayan ƙofa cewa Allah ya yi masa rasuwa.

Ɗayan ya ce, "Mota ce, Hajiya?"

Na ce a'a, a kan shimfiɗarsa ya rasu.

Ya juya ga abokinsa. "Ka jiya ko? Na hwaɗa maka ƙarhe ba shi kama shi."

Suka yi masa addu'a, suka tafi hankalinsu kwance.