Tari a Cikin Ƙwaryar Barmo

Shekara ashirin Barmo ya yi yana haƙar rijiya a ƙauyukan Gangara. Ranar da ƙasa ta rufta wa abokin aikinsa Dado a can ƙasan rami, shi ne a sama riƙe da igiya. Kwana biyu ana tono ba a kai ga gawar ba. Aka cike ramin, aka yi wa Dado salla a nan.

Tun daga ranar, in Barmo ya ɗaga ƙwarya zai sha ruwa, sai ya ji ana tari a cikinta, irin busasshen tarin Dado, ko da rana tsaka ce. Bai faɗa wa kowa ba. Ya koma kurɓa ɗaya, sai ɗan kofin shayi.

Cikinsa ya ɗaure. Kwana biyar, wani lokaci bakwai, bai zagaya ba. In ya je ya yi ta nishi, abin da zai fita kamar kashin awaki. Ya sha filasko har ya daina yi masa aiki. Shekara biyu ke nan. Maƙwabta na cewa mamacin ne ya riƙe shi.

Matarsa Salamatu ce ta kai shi asibiti a Tanout. Likitar ta danna cikin, ta tambayi abin da yake ci, sannan ta ce, "Baba, ruwa fa, kamar yaya kake sha a yini?"

Sai ya faɗa mata maganar tarin. Likitar ba ta yi dariya ba. Ta ce in jiki ya rasa ruwa, hanji ne ke tsotse na cikin bayan gida har ya taurare. Ta ce ya bar filasko, ya yawaita zogale da wake da miyar kuka, ya riƙa tafiya, ya zagaya kowace safiya a lokaci ɗaya ba tare da yunƙuri ba. In ya ga jini ko rama, ya dawo.

Salamatu ta ce, "Malam, maganar ruwan ka bar mini."

Kullum sai ta miƙa masa ƙwarya ta zauna tana surutu da ƙarfi, zancen kasuwa, zancen awaki, har ya shanye. Cikin wata uku ciki ya saki. Ya bar haƙa, ya koma noman gyaɗa.

Wurin da aka cike kuwa har yau da damshi, ko a tsakiyar rani. Dabbobi kewaye shi suke yi.