Garar da Baba Ya Gasa

Lokacin da aka yi aurena Tudun Wada ba ta cika ba. Gidaje ne jefi-jefi, yawancinmu baƙi, kowa da garin da ya baro. Babana kuku ne a gidan wani Baturen jirgin ƙasa. Mahaifiyata ta rasu tun ina yarinya, danginmu kuma suna can ƙasar Katsina, saboda haka da biki ya matso babu abin da ya dami Baba irin gara, kayan daɗin nan da gidan amarya ke aikawa gidan miji. Mijina maɗinki ne, mutanen cikin birni, gida mai tsofaffi masu ido. Baba ya rantse ba za a buɗe garata a ce an ga alamar marainiya ba.

Wata maƙwabciyarmu Banufiya, da nake ce wa Inna, ita ta tsaya a kan alkaki da nakiya. Ta yi bakin ƙoƙarinta, amma hannu ɗaya ne, alkamar ma ba yawa. Baba ya leƙa kwando ya ga bai cika ba, sai ya ce shi ma zai sa hannu. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita dai ba ta taɓa jin namiji ya yi gara ba. Ya ce to yau ta ji.

Abin da yake gasa wa Bature ya yi, wanda suke kira kek. Ya samo tsohuwar garwar kananzir ya wanke ta da toka, ya yanka mata ƙofa, ya zuba yashi a ƙasanta. Damina ce, ƙwan zabi ko'ina, ya fasa su a akushi ya yi ta bugu da maburgi har suka yi kumfa. Ya murza man shanu da sukari, ya riƙa barbaɗa fulawa yana juyawa a hankali kamar mai shafa kan jariri. Sannan garwashi a ƙasa, garwashi a bisa. Bai yarda kowa ya taka da ƙarfi kusa da garwar nan ba, wai abin zai faɗa. Da ƙamshi ya tashi har masu wucewa sai da suka yi sallama. Ya soka tsinke ya fito tas, ya juye shi a faifai, ja wur, ya kai faɗin murfin tukunya.

Ina can ɗakina na amarci aka kawo gara. Inna ce ta rako ta, Baba kuma ya ja mata kunne cewa kek ba alkaki ba ne da zai yi watanni, a gaya musu su ci da wuri. Amma ina aka taɓa kai wa surukai kaya a ce musu su yi sauri su cinye? Inna ta buɗe baki, nauyi ya kama ta, ta yi addu'a ta tashi.

Uwar mijina mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta, kuma kirkin nata ne ya ja mana. Aka rarraba alkaki da nakiya gida-gida. Da aka zo kan kek sai ta ce abin da uban yarinya ya yi da hannunsa ba na yara ba ne, ba mai sa masa wuƙa sai maigida ya dawo. Shi kuwa maigidan, surukina, ya tafi fatauci bayan ɗaurin aure. Ta naɗe kek a sabon ƙyalle, ta sa a tasa ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Mata suka yi ta zuwa gani, a buɗe musu su yi salati, a mayar.

Ni na san abin da zai faru, 'yar kuku ce ni. Amma amaryar da ko tari ba ta yi a gaban uwar miji, ta ina za ta fara cewa a fito da gara a ci? Cewa za a yi kwaɗayi ya kawo ni. Na raɗa wa mijina, ya sosa ƙeya ya ce zai duba, ya koma kan ɗinkinsa. Ruwa kuwa kullum, bango har gumi yake yi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake: gida cike da manya, kowa na jin kunyar kowa, abu na ruɓewa a ƙarƙashin gado.

Ranar da surukina ya dawo aka tara 'yan gida, aka kwance ƙyalle. Funfuna ta rufe shi, kore da fari, ko kaza ba za a ba ba. Uwar mijina ta zauna daɓas. Da kanta ta kai shi bayan gida ta binne, ta dawo tana share ido da bakin zane, ta roƙi kowa kada maganar ta fita.

Ba a jima ba aka ɗauke Baturen Baba zuwa Baro, zai tafi da kukunsa. Baba ya zo sallama ya tsaya a zaure. Surukina ya yi masa godiya mai yawa, ya ce ba a taɓa kawo gara irin wannan a unguwar ba, wanda gaskiya ne. Baba ya ji daɗi, na gani a fuskarsa. Da aka bar mu mu biyu na durƙusa daga nesa, sai ya rage murya.

"Su dai sun yaba. Ke fa, sukarin ya yi miki?"

Ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Baba, ban samu ba."

Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. 

"Ai da na gutsura miki tun yana da zafi," ya ce.

Ya ce in ya dawo zai gasa mini nawa ni kaɗai, ƙarami. Washegari jirgi ya tafi da su. A can Baro aka binne shi, ban sake cin komai daga hannunsa ba.